Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Na'urar Hoto

Kakana wanzami ne a Gafasa, kuma ni nake riƙe masa zabira idan zai fita aiki. Nakan tsuguna gefe ina kallo ya yi tsaga da aska a gadon bayan mutum, ya kafa ƙaho, ya zuƙe iska, ya toshe hujin. Bayan ɗan lokaci sai ya ɓamɓare ƙahon, ya juye gudan jini a ƙasa ya ce, "Malam, duba mataccen jinin da yake hana ka barci." Mutumin zai leƙa ya yi hamdala. Rabin sauƙinsa daga ganin nan yake samuwa, don mutanenmu ba su cika yarda da ciwon da ido bai gani ba.

Ciwo ɗaya ne kakana yake mayar wa da aska cikin zabira, shi ne daji. Idan ya taɓa ƙari ya ji shi kamar tsakuwa, ba ya motsi, ba ya tara ruwa balle a yi masa sakiya, sai ya ce, "Wannan ba a sa masa ƙarfe." Ya yi daidai da ya san iyakar sana'arsa. Sai dai maganar ta wuce zauren wanzamai ta zama doka a bakin jama'a, har yau ana cewa daji ba ya son allura, ana hana mara lafiya zuwa asibiti.

A 1895 wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da yake ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Mu a ƙasar Gaya, a da ganin wannan abu sai an bi ta Wudil an shiga Kano, asibitin cikin gari da daga baya aka sa wa sunan Murtala. A 1971 aka fara gwada na'urar CT a kan mara lafiya a Landan, mai ɗaukar jiki yanki-yanki. Da aka kafa Asibitin Malam Aminu Kano a 1988, kalmar "hoto" ta ƙara zama a baki. Na sha jin dattijo yana cewa likita bai duba shi ba, tunda bai rubuta masa hoto ba. Hoton ya gaji ƙahon kakana.

Yanzu kuma ana tallar ɗaukar hoton jiki gaba ɗaya ga mai lafiya garau, wai ko daji yana ɓoye. Ɗan kawuna, ɗan kasuwa a Kano, ya yi shi a ƙasar waje. Aka ga wani ɗigo a huhunsa. Wata shida bai ji daɗin tuwo ba, ya rame, ya kashe kuɗin da za su sayi shanun huɗa, aka soke shi da allura aka ɗebi tsoka, ƙarshe aka ce tabon tsohon ciwo ne. Na'urar tana iya kama daji da wuri, wannan ba gardama. Amma tana kamo har abin da ba zai taɓa cutar da mutum ba, kuma hasken CT na jiki duka ya fi na hoton ƙirji ɗari. Koriya ta Kudu ta ga irin wannan: da aka yawaita sikanin wuyan masu lafiya, daga 1993 zuwa 2011 masu dajin thyroid na wuya a lissafi suka ninka kusan sau 15, aka yi ta fiɗa, amma yawan masu mutuwa da ciwon bai sauya ba.

A shekarar da ɗan kawuna yake wannan fama, gwaggona tana Gafasa da ƙullutu a nono, damina biyu tana rufe shi da mayafi tana shafa sassaƙe. Ba na'ura ta rasa ba, hannu ma yana jin sa. Da muka kai ta Kano likita ya girgiza kai ya ce, "Baba, ina ma bara kika zo." Allah Ya jiƙanta.

Ɗan'uwa, idan ka ji ƙari, ko matarka ta ga jini ba lokacinsa ba, ko ido ya yi rawaya ciki yana kumbura, ka kama hanyar asibitin Gaya a makon nan, likita ya zaɓi hoton da ya dace. A kai jarirai rigakafin ciwon hanta, a kai 'yan mata na dajin bakin mahaifa da aka fara a Kano a 2023. Waɗannan kyauta ake yin su.