Ruwa a tulun giya: wani shafi na tarihin Arewa

Littattafan lakwal suna ba yaranmu labarin Sarauniyar Lugu da yaƙinta da rundunar Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, amma ba su faɗin abin da mutanen wancan zamani ke ci da sha. To, a gidajen Azna, hatsi da dawa ba a tuwo da fura kaɗai suke ƙarewa ba. Ana dafa giya, kuma aikin mata ne.

A jiƙa dawa, a shanya ta a inuwa har ta yi tsiro, a busar, a niƙa, a dafa, a tace, a zuba a tulu ta kwana. Tsiron nan shi ne ke mai da garin dawa ya zama zaƙi. Daga nan ƙwayoyin yisti su cinye zaƙin, su fitar da kumfa da sinadarin da ke sa maye. Ƙarfin giya yana bin yawan zaƙin da ke cikin tulun. Idan mai dafawa ta sirka da ruwa daidai da abin da ke ciki tun yana kumfa, kowace ƙwarya za ta ɗauki kamar rabin ƙarfin. Dalilin yin haka ba boyayye ba ne: mai gayya yana son a ƙare noma kafin rana ta faɗi, kuma tulu ɗaya ya ishi mutane da yawa. Ingila ma ta daɗe tana ba ma'aikatan gona giya marar ƙarfi irin wannan.

Sirkin yana da farashinsa. Ruwan rijiya da ba a tafasa ba yana shigo da nasa ƙwayoyin, kuma giya salala ta fi saurin lalacewa ta koma tsami.

Arewa ba ta bi jihadin 1804 ba. Kabi ta fi jingina da ita a ƙarni na 19. Sai a zamanin Faransa, bayan an mai da mazaunin mulki daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, Musulunci ya ratsa garuruwa da ƙauyuka sosai. Hukuncin malamai kuwa bai bar wa sirki ƙofa ba, domin abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. A nan fiƙihu da lissafin aji uku sun haɗu: wanda ya sha ƙwarya biyu ta sirkakkiya ya sha ɗaya ta marar sirki.

Abin da ya sa nake ganin wannan tarihi ya shafi iyaye da malamai shi ne kunun zaƙi. Wasu masu dama shi da tsiron hatsi suke samo zaƙinsa, wato rabin hanyar ɗaya ce da ta kakanninmu. Lokaci ne ya raba su. Kunun da aka dama da asuba aka shanye kafin azahar, kunu ne. Wanda ya kwana a gora cikin zafin watan Afrilu na Tibiri ko Dutsi, ya kumbura robar, yana huci idan an buɗe, ya riga ya kama wata hanya. Na sha ganin mai talla a bakin makaranta ta ƙara wa irinsa ruwa da sukari don ya sayu. Ruwan ya rage tsamin a baki, sukarin kuma ya zama sabon abincin yisti, ga shi ƴan aji ɗaya ne masu saye.