Tarihin Takalmin Tsere da Matsalar Adalci a Fagen Wasa

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a bi diddigin wata gardama da ta daɗe tana damun masu shirya wasannin guje-guje da tsalle-tsalle na duniya, watau ina iyakar taimakon da ya halatta kayan wasa su yi wa ɗan wasa. Za mu ɗauki takalmi ya zama abin misalinmu, domin shi ne mai karatu zai fi rainawa, alhali kuwa ya sha tilasta wa hukuma ta sake doka.

Rigimar farko da ta yi ƙarfi ta taso ne cikin shekarar 1957, sa'ad da wani mutumin Tarayyar Sobiyet mai suna Yuri Stepanov ya ƙetare sanda mai tsawon mita 2.16 a birnin Leningirad, ya shafe bajintar mita 2.15 da Charles Dumas na Amurka ya kafa a 1956. Da hotuna suka fito, sai aka lura takalmin ƙafar da yake dokawa ya tashi yana da tafi mai kauri ƙwarai, kamar dai mutum ya taka ɗan dakali kafin ya yi tsalle. Cikin 1958 hukumar wasannin ta duniya ta hana irin wannan takalmi, ta ce kada kaurin tafi ya wuce milimita 13. Amma fa ba a soke bajintar Stepanov ba, saboda lokacin da ya yi ta babu dokar da ya karya. Sai mai karatu ya riƙe wannan, don zai sake ganin irinsa.

Bayan shekara uku aka ga kishiyar wannan al'amari. Ran 10 ga Satumba, 1960, Abebe Bikila, soja daga cikin masu gadin Sarkin Habasha Haile Selassie, ya shiga gudun fanfalaki na kilomita 42.195 a wasannin Olamfik na birnin Rum. Takalmin da ya samu bai yi masa daidai ba, saboda haka ya yi gudun ƙafa ba takalmi, ya kuwa zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15 da sakan 16. Shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinariya a Olamfik. Cikin 1964 a Tokiyo ya sake yin nasara, wannan karo da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da sakan 11. A zamanin nan aikin takalmin gudu bai wuce kare ƙafa daga tsakuwa da zafin kwalta ba, shi ya sa mai takalmi da marar takalmi ke iya tsayawa layi ɗaya ba wanda zai ce an cuce shi.

Haka abin ya yi ta tafiya, ana ɗan gyare-gyare, har zuwa 2016. A shekarar nan kamfanin Nike ya ba wasu 'yan tseren da yake ɗaukar nauyinsu wani sabon takalmi wanda bai riga ya shiga kasuwa ba. Tafinsa na wani irin soso ne marar nauyi, mai lotsawa ya dawo da ƙarfi, a tsakiyarsa kuma an saka falle mai tauri na kabon. Cikin watan Fabrairu aka yi gasar zaɓen matan da za su wakilci Amurka, inda uku na farko kaɗai ake ɗauka. Ta ɗaya da ta uku duk wannan takalmi suka sa, ita kuwa Kara Goucher, wadda wani kamfani dabam ke ɗaukar nauyinta, ta zo ta huɗu, ta rasa gurbi. A Olamfik ɗin Riyo ta ƙasar Burazil kuma, maza ukun da suka ci lambobin gudun fanfalaki duk shi ne a ƙafarsu. Sai a 2017 aka fitar da shi kasuwa da sunan Vaporfly, a kan dala 250. Masu bincike a Jami'ar Kolorado sun auna, suka tarar yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da wajen kashi 4 cikin 100. Ga wanda ya san cewa sakan kaɗan ke raba na ɗaya da na biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin ya kai intaha cikin Oktoba 2019. Ran 12 ga wata Eliud Kipchoge na Kenya ya gama nisan fanfalaki cikin awa 1 da minti 59 da sakan 40 a birnin Biyana, ko da yake ba a rubuta shi cikin bajintocin duniya ba, domin ba gasa ce ta kowa da kowa ba, kuma akwai ayarin 'yan gudu masu karɓa-karɓa suna kare masa iska. Kashegari Brigid Kosgei ta yi awa 2 da minti 14 da sakan 4 a Shikago, ta rushe bajintar da Paula Radcliffe ta Ingila ta kafa tun 2003. Ran 31 ga Janairu, 2020, hukumar ta fito da doka: kada tafin takalmin gudu a kan titi ya wuce milimita 40, kada a saka falle fiye da ɗaya, kuma sabon takalmi sai ya yi wata huɗu a kasuwa kafin a shiga gasa da shi. Kamar dai a 1958, ihu ne bayan hari, ba a taɓa lambar kowa ba.

Ya kamata a lura ba kullum hukumomi ke bin hanya ɗaya ba. Masu kula da ninƙaya, bayan an karya bajintar duniya har 43 a gasar Rum ta 2009 da taimakon wasu riguna na roba, sai suka haramta rigunan ɗungurungum daga 2010. Masu guje-guje kuwa iyaka suka sa, ba su hana ba. Dalili shi ne da wuya a ce ga inda kariya ta tsaya, ga inda taimako ya fara, tunda kowane takalmi ƙira ce ta ɗan Adam.

To, me wannan tarihi ya koya mana? A ganina sabuwar ƙira ba ita ce cuta ba, domin takalmi bai taɓa yin gudu shi kaɗai ba, kuma Kipchoge gwani ne tun kafin a ƙera shi. Cutar tana cikin ratar da ke tsakanin ranar da ƙira ta fito da ranar da kowa ya same ta. Cikin wannan rata ne ake rasa gurbi da lamba da kuɗin kyauta, abubuwan da ba a mayar wa mutum bayan an gyara doka. Dokar wata huɗu ta rage matsalar, amma ba ta kawar da ita ba, don kuwa kaya ya kasance a kasuwa dabam, iya sayensa dabam. Takalmin Adidas da Tigst Assefa ta Habasha ta sa a Balin cikin 2023, sa'ad da ta yi awa 2 da minti 11 da sakan 53, dala 500 aka sa masa. Zakaru kyauta ake ba su, amma yaron da ke tasowa a ƙauyukan Kenya ko Habasha sai ya fara yin fice kafin wani kamfani ya dube shi, kuma da masu irin wannan takalmi zai kara kafin ya yi ficen.

Saboda haka duk wanda zai kwatanta gwanayen jiya da na yau, lalle ne ya tambayi abin da ke ƙafar kowannensu, sa'an nan ya tambayi ko abokan karawarsa sun sami irinsa. Muna fata 'yan'uwa ɗalibai za su ɗora daga inda muka tsaya.