Gadar Jebba da Gyaɗar Kano

Mutumin Dangora ko Yako, a ƙasar Kiru, wanda ya tashi yana ganin hanyar jirgi ta ratsa gonakinsu, ba lalle ne ya san cewa arzikin wannan hanya a kan wata gada mai nisa ya rataya ba. Ita ce gadar Jebba, wadda ta ƙetare Kogin Kwara. Ga yadda abin ya faru.

A shekarar 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka soma shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano. Talakawa ne suka yi haƙa da ɗaukar ƙasa, sarakuna da hakimai ke tara su bisa umurnin Turawa, da yawansu kuwa ba da son ransu ba. Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912.

To, amma Baro tana da aibi guda. Manyan jiragen ruwa ba su isa can sai ruwa ya cika. Da rani ya yi, sai kaya su yi ta jira. Akwai kuma wata hanyar da ta taso daga Ikko, ta iso Jebba a 1909, daga baya aka haɗa ta da ta Baro a Minna. Sai dai Kwara ta tsaya a tsakani. Dole a tura taragu cikin jirgin fito, a ƙetare da su kaɗan kaɗan.

Dalilin da ya sa aka zaɓi Jebba shi ne akwai tsibiri a tsakiyar kogin, watau ruwan ya rabu biyu. Aka fara gama gadar reshen arewa. Ta kudu ita ce mai wuya, gama tsawonta ya kusa ƙafa 1,800. Sai da aka kafa ginshiƙai a cikin ruwa, sa'an nan aka ɗora manyan ƙarafan da aka kawo daga Ingila, aka ɗinke su da ƙusoshi. Aka buɗe ta a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko.

Turawa auduga suka sa wa rai, amma manoman Kano suka duba, suka ga gyaɗa ta fi riba. Da gada ta samu, buhun da aka loda a Kano ba ya sauka sai bakin teku. Daga nan Baro ta soma mutuwa, dalar gyaɗa kuwa ta yi ta tashi a Kano, irin su Alhassan Ɗantata suka bunƙasa.

Yau dalar gyaɗa ta zama labari. Amma wanda ya ci moriyarta, ko ya gaji wanda ya ci, ya kamata ya tuna da leburorin da ba a rubuta sunayensu ba. Allah ya jiƙansu, amin.