Mota iri ɗaya, aljihu daban-daban

A 1975 kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa Peugeot 504, ba a jima ba kuwa Fijo ta cika tashoshin Kudancin Kaduna. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun 1927, lokacin da layukan Fatakwal da Kaduna da Jos suka haɗu a nan, amma da dogo ya fara sanyi sai fasinja ya koma titi: ta Kachia zuwa Kaduna, ta Kagoro da Manchok zuwa Jos. Mota ɗaya, inji ɗaya, duk da haka kowane ɗan kamasho ya san direban da zai riga isa. Wani gwaninta ce, wani kuwa maigidansa ne ba ya ƙyashin sabuwar taya da bakanike nagari.

A shekarar 1975 ɗin dai 504 ta ci tseren Safari a Kenya, Ove Andersson na riƙe da sitiyari. Sai dai motar kamfani ce da aka narka wa dukiya, ba ta ɗan talaka ba.

A fagen tsere, Faransawa sun nemi raba gwaninta da kuɗi. A 1966 aka buɗe gasar Renault 8 Gordini: kowane matashi ya zo da mota irin ta ɗan uwansa, a ga wa ya iya shan kwana. Daga nan Jean-Pierre Jabouille ya taso har ya kai Formula 1. A 1967 Ingila ta fito da Formula Ford a filin Brands Hatch, da injin Ford Cortina da tayar titi, aka kuma hana farashin mota wuce fam 1,000. A wannan gasa ce Ayrton Senna ya yi zarra a 1981.

To, amma kuɗi ba ya rasa ƙofar shiga. Mai hali zai sayi injuna da yawa ya zaɓi mafi ƙarfi, ya sa sabuwar taya kowane tsere, ya yi ta atisaye, in ya fasa mota gobe ya kawo wata. Marar hali dole ya taka birki da wuri, don haɗari ɗaya ya isa ya kore shi daga gasar. Shi ya sa masu shirya irin wannan tsere suka koma rufe inji da hatimi da ƙayyade yawan taya.

Duk mai son kafa wa matasan Kaduna irin wannan gasa, ya fara rubuta waɗannan dokoki kafin ya sayo mota ko ɗaya.