Waya a Hannun Mai Fasaha da Hannun Mai Talla

A watan Satumban 2001, a birnin Linz na ƙasar Ostiriya, an yi wani taron kiɗa da ya saɓa wa al'ada: aka roƙi mahalarta su bar wayoyinsu a kunne. Golan Levin, wani mai fasaha Ba'amurke, da abokan aikinsa sun karɓi lambobin mutum kusan 200, suka tura wa kowace waya sautin kira na daban, suka kuma nuna wa kowa kujerarsa. Da aka fara, makaɗan suka riƙa kiran waɗannan lambobi ta kwamfuta. Sauti ya tashi daga wannan gefe na zaure, ya ratsa tsakiya, ya ƙare a wancan, duk daga aljihun jama'a. Sunan aikin Dialtones, kuma an yi shi ne da wayoyin da yau ko almajiri zai raina.

A watan ne kuma ƙungiyar Chaos Computer Club ta Jamus ta sa fitilu a tagogi 144 na wani dogon gini da ke dandalin Alexanderplatz a Berlin, ginin ya zama ƙaton allo. Mai wucewa zai kira wata lamba, ya buga wasan Pong a jikin bene da maɓallan wayarsa.

Waɗannan misalai biyu suna da muhimmanci domin a yau, da zarar an ce fasaha da waya, hankali kan tafi ga kyamara. Kamfanoni ne suka koya wa duniya wannan tunani, kuma ya taƙaita batun ƙwarai. Idan aka bi tarihin a tsanake, za a ga ayyukan da suka zo da sabon abu na gaske sun dogara ne da siffofin da waya kaɗai ke da su: tana aljihun kowa, tana ƙara, ta san inda mai ita yake, tana kuma miƙa kaya daga hannu zuwa hannu.

Japan ta ba da hujja mai ƙarfi ta fuskar adabi. Tun farkon shekarun 2000 matasa, galibinsu 'yan mata, suka riƙa rubuta labarai da babban yatsa a kan ƙananan wayoyi, suna sakin su babi-babi a shafuka irin su Maho no i-Rando. Ƙanƙantar fuskar wayar ita ta tsara salon: gajerun jimloli, hira mai yawa, babin da za a karanta tsakanin tasha da tasha a jirgin ƙasa. Masu sharhi sun yi ta yatsina fuska, suna cewa wannan ba adabi ba ne. A 2007 kuwa, biyar daga cikin littattafan ƙirƙira goma da aka fi saya a ƙasar daga waya suka samo asali, kuma a shekarar aka mayar da Koizora, ɗaya daga irin waɗannan labarai, fim. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a nan. Marubutan da ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, masu karatu na matsa musu lamba a ci gaba, wani lokaci har su sa a sauya makomar jaruma, tafarki ɗaya suke bi, kuma irin sukar da aka yi wa na Japan ita ake yi musu.

Labarin Mdou Moctar ya fi kusa da gida. Makaɗin jita ne Buzu daga Nijar, wanda a 2008 ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a irin situdiyon da ake waƙoƙin finafinan Hausa, da muryar nan da na'ura ke lanƙwasawa. Babu kamfanin da ya rarraba kundin a lokacin. Waƙoƙin sun yi tafiya ne ta Bluetooth da katin memori, daga tasha zuwa kasuwa, har suka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikinsu yana musayar waƙoƙi da matasa, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones da ya fito a 2011, sannan ya shiga cigiyar mai ita. A wannan labari waya ba ta ɗauki hoto ba, ba ta naɗi sauti ba. Aikin rediyo da kanti da mota ta yi a lokaci guda, a yankin da intanet bai wadata ba.

To, masu talla fa? Ba su taɓa yin nisa da masu fasaha ba, kuma a faɗi gaskiya, wasu ayyukansu na da ban sha'awa. A 2010 kamfanin Nokia ya sa situdiyon Aardman na Ingila ya yi wani gajeren fim mai suna Dot, na 'yar tsana mai tsawon milimita 9, da wayar N8 da aka ɗaura wa gilashin ƙara girma da aka ƙera don gwajin jini. A 2011 kantunan Homeplus suka manna hotunan kayan masarufi a bangon tashar jirgin ƙasa a Seoul, kowane da lambar QR, mai jiran jirgi ya haska da waya a kai masa gida. Wasan waya na Pokémon Go na 2016 ya ɗauki dabarar da ƙungiyoyin fasaha irin su Blast Theory suka gwada tun 2001, wato mayar da titunan gari filin wasa, ya kai ta ga miliyoyin mutane. Sai dai da wasan ya isa Japan, rassan McDonald's kusan 3,000 ne suka zama wuraren da 'yan wasa ke zuwa neman kaya ko fafatawa. Ɗan wasa na ganin farauta ya fito, alhali sawunsa ne aka sayar.

Tallar da ta fi tasiri ita ce ta Apple, Shot on iPhone, wadda ta fara a 2015 da hotunan masu amfani da wayar a manyan allunan titi. Saƙonta mai daɗin ji ne: kyamarar ta isa, saura hikimarka. Ana kuma kafa hujja da finafinai. Sean Baker ya ɗauki Tangerine na 2015 da iPhone 5s guda uku, Steven Soderbergh ya yi Unsane na 2018 da iPhone 7 Plus. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Baker ya ƙara wa wayoyin gilashi na musamman da manhajar sarrafa kyamara da maƙalin hana girgiza, an naɗi sauti da kayan ƙwararru, kuma fim ɗin ya ci kusan dala 100,000. A 28 Years Later na Danny Boyle, wanda ya fito a 2025, har wayoyi 20 aka jera a kan ƙarfe ɗaya don wasu fitowa. Ga irin waɗannan daraktoci waya salo ce da suka zaɓa, kuma suna iya ajiye ta gobe.

Za a iya cewa wannan hukunci ya yi wa kyamarar waya rashin adalci, kuma mai faɗin haka yana da Kaduna a matsayin shaida. A can ne wasu samari da ke kiran kansu The Critics Company suka fara, wajajen 2016, yin gajerun finafinan almarar kimiyya da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle, suna haɗa siddabarun hoto a kwamfuta da manhajar Blender ta kyauta. Da babu wayar, da babu finafinan. Wannan ba abin musu ba ne. Amma a duba sauran labarin. A intanet suka koyi aikin, a intanet bidiyonsu ya bazu a 2019, ta nan kuma ya kai ga darakta J.J. Abrams, wanda ya aiko musu da kayan aiki a 2020. Ba su ce a'a ba, ba su kuma tsaya kare martabar tsohuwar wayar ba. Larura ce ta haɗa su da ita, kuma ko a wajensu hanyar da ta buɗe ta fi kyamararta amfani.

Akwai wata matsala da manazarta ba su ba isasshen lokaci ba, wato adanawa. Hotunan Apple suna nan a rumbun kamfani, Tangerine na nan a kasuwa. Dialtones kuwa sai a bidiyo da faifan sauti, domin wayoyin da aka tsara shi a kansu sun daina aiki. Waƙoƙin da suka zaga Sahara a memori da yawa ba su ɗauke da sunan mawaƙi, shi ya sa Kirkley ya sha wahala kafin ya gano wasu masu su ya biya su. Haka labaran Hausa na WhatsApp: ana kwafe su a tura ba izini, wani lokaci a goge sunan marubuciya, zauren da aka fara sakin su kuma ya watse idan mai kula da shi ya sauya layi. Ɗalibin da zai so rubuta kundin digiri a kan wannan adabi nan da shekara 20 zai dogara ne da abin da wani ya tuna ya kwafe zuwa kwamfuta kafin wayarsa ta lalace.