Fada da Asusu: Inda Ya Kamata Horon Masu Kula da Matasa Ya Sauka a Tsibiri da Maraɗi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa. A Nijar, inda kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba, kuma likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ƙalilan ne waɗanda galibinsu suke Yamai, babu yadda za a yi asibiti shi kaɗai ya ɗauki wannan kaya. Yankin Maraɗi kuwa yana da nasa ƙarin nauyi, domin tun 2019 gundumar Gidan Rumji, wadda Tsibiri ke cikinta, take karɓar dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, ga rufe iyakar Najeriya a 2019 da kuma 2023 wanda ya karya jarin samari masu neman abinci ta hanyar Ɗan Isa, ga kuma ƙwayar tiramol da ta zama abokiyar aikin ƙarfi.

Tun da asibiti shi kaɗai ba zai iya ba, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa za a horar. Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa masu kula da matasa ba, tun daga sarkin samari har zuwa Samariya, ƙungiyar da gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da ita bayan 1974. Magajiyarta a yau ita ce fada, wato majalisar samari ta bakin titi wadda ta yaɗu tun shekarun 1990, inda ake shimfiɗa tabarma, a ɗora butar shayi kan gawayi, a raba dare ana hira. Shugaban fada shi ne farkon wanda zai lura cewa wani ɗan kabu-kabu ya daina taɓa kofinsa, ya sayar da wayarsa, in an matsa masa ya ce tunani ya yi masa yawa, barci ya ƙaurace masa. Ma'aikacin da aka turo daga birni zai daɗe bai ji wannan magana ba.

Sai dai fada wurin maza ce, kuma a yankin da binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kusan mata tara cikin goma ana aurar da su kafin shekara 18, yarinyar da ta fi bukatar mai sauraro tana cikin ɗaki ne da goyo a baya. Hanyar isa gare ta ita ce asusun Mata Masu Dubara, tsarin adashi da rance da ƙungiyar CARE ta soma a Maraɗi a 1991, wanda matansa ke haɗuwa mako-mako kuma suna shiga gidajen da namiji ba ya shiga.

Abin da za a koyar ba sabo ba ne. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2008, wanda aka tsara don ma'aikatan lafiya da ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba, da jagorarta ta taimakon farko ga mai damuwa ta 2011, sun isa su zama tushe: a lura, a saurara ba tare da wa'azi ba, a riƙe sirri, a haɗa mutum da mai taimako. Mafi wuya shi ne sanin iyaka. Saurayin da ya ambaci kashe kansa a Jiratawa, inda maganin ƙwari na noman rani ke ajiye a gidaje, ba a jira da shi sai gobe. A kawar da gubar, a zauna tare da shi, a kai shi likita. Haka mai farfaɗiya da mai jin muryoyin da babu su. Kuma tun da Tsibiri gari ne da Inna ke shugabancin bori a fadar Gobir, malamai kuma suna rubutu da ruƙiyya, horon da ya raina waɗannan ƙofofi zai rasa iyaye, alhali abin nema shi ne kada a ɗaure mara lafiya da mari, kada kuma a hana shi magani.

Zimbabuwe ta gwada horar da waɗanda ba likitoci ba tun 2006, lokacin da Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci suna sauraron masu damuwa, kuma ana bibiyar aikinsu a kai a kai. Wannan bibiyar ce bitar kwana uku a otal ba ta bayarwa, ko da an raba kuɗin zama da takardar shaida. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, da sashenta na kimiyyar lafiya, za ta iya tara waɗanda aka horar kowane wata, a duba matsalolin da suka gagare su, a kuma tambaye su halin da su kansu suke ciki, domin da yawansu matasa ne marasa aiki kamar waɗanda suke sauraro.