Fred Risser: Sanatan Jihar Wisconsin da Ya Shekara 64 a Majalisa

Fred A. Risser ɗan siyasar Amurka ne, ɗan jam'iyyar Demokrat, wanda ya wakilci birnin Madison a majalisar dokokin jihar Wisconsin daga 1957 zuwa Janairun 2021. Shekara 64 ke nan ba tare da yankewa ba, kuma babu wani ɗan majalisar jiha a tarihin Amurka da ya kai shi daɗewa. Shekara shida na farko ya yi su a majalisar wakilai ta jihar, sauran kuwa a majalisar dattawanta.

Ga mai karatu da ya saba da tsarin Najeriya, kalmar sanatan jiha na iya zama baƙuwa, tunda majalisar dokokin jiha a nan zaure ɗaya ce. A Amurka kowace jiha, in ban da Nebraska, tana da zaure biyu irin na tarayya. A Wisconsin majalisar wakilai na da kujeru 99, ta dattawa 33, wa'adin sanata shekara huɗu ne, kuma doka ba ta ƙayyade sau nawa mutum zai iya tsayawa ba. Wannan rashin ƙayyadewa shi ne ƙofar da Risser ya bi ya daɗe.

An haife shi a Madison ranar 5 ga Mayu, 1927, a gidan da siyasa ta zama gado. Kakan mahaifiyarsa, Clement Warner, kanar ne a yaƙin basasar Amurka, inda ya rasa hannu ɗaya, daga baya ya shiga majalisar jihar. Kakansa Ernest Warner ma ya zauna a majalisar wakilai. Mahaifinsa, Fred E. Risser, ya riƙe kujerar sanatan Madison daga 1937 zuwa 1949. Kowannensu da jam'iyyar da ya bi, abin da ya haɗa su shi ne ginin majalisar. Risser ya yi aikin sojan ruwa a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, sannan ya karanta shari'a a Jami'ar Oregon, ya dawo gida ya kama aikin lauya.

Yadda kujerar sanata ta zo hannunsa labari ne mai ɗan daɗi. A zaɓen 1948 wani matashin ɗan Demokrat, Gaylord Nelson, ya kayar da mahaifin Risser. Nelson ya zama gwamna a 1959, a 1962 kuma ya naɗa sanatan da ke kan kujerar a lokacin, Horace Wilkie, alƙali a kotun ƙolin jihar. Kujera ta zama babu kowa, aka yi zaɓen cike gurbi, Risser ɗan ya ci. Wato mutumin da ya raba uban da kujerar shi ne, ta bayan fage, ya share wa ɗan hanya zuwa gare ta.

Shekarunsa na farko a majalisar dattawa ya yi su ne a ɓangaren marasa rinjaye, har ya zama jagoransu. Al'amura sun juya a 1975, lokacin da Demokrat suka karɓi rinjaye aka zaɓe shi shugaban riƙo. A wancan zamani mataimakin gwamna ne shugaban majalisar dattawa bisa tsarin mulkin jihar. A 1979 masu zaɓe suka amince da gyaran da ya cire mataimakin gwamna daga wannan matsayi, aka bar wa sanatoci su zaɓi nasu. Risser ne na farko da ya hau kujerar a sabon tsari, ya riƙe ta har 1993. Bayan haka ya riƙa hawa da sauka gwargwadon yadda rinjaye ya karkata: ya dawo a 1996, ya sake dawowa a 1999, sai 2007, sai kuma 'yan watanni daga Yulin 2012 zuwa Janairun 2013, bayan zaɓen kiranye da ya ba jam'iyyarsa rinjayen kujera ɗaya tak.

Idan ana neman abin da daɗewar ta haifar, a duba batun taba sigari. Risser ya fara kai ƙudurin taƙaita shan taba a wuraren jama'a tun ana masa kallon mai neman abin da ba zai yiwu ba, a zamanin da su kansu 'yan majalisar ke busa hayaƙi a wurin aiki. A farkon shekarun 1980 aka samu dokar farko, mai rauni, wadda ta ware wuraren masu shan taba kawai. Masu gidajen giya, waɗanda ƙungiyarsu ke da ƙarfi ƙwarai a Wisconsin, suka tsaya tsayin daka kan kada a wuce nan. Sai a 2009 gwamna Jim Doyle ya sa hannu kan cikakkiyar dokar hana shan taba a wuraren aiki, har da gidajen abinci da na giya, ta fara aiki a Yulin 2010. Fiye da shekara 25 ke tsakanin dokokin biyu. Ɗan majalisar da aka ƙayyade wa wa'adi biyu da bai ga ƙarshen wannan gwagwarmaya ba. Haka nan ya daɗe a hukumar kula da gine-ginen jihar, yana cikin waɗanda suka tsaya kan babban aikin gyaran ginin majalisar da aka kammala a 2001.

Sunansa ya fi yawo a duniya a Fabrairun 2011. Sabon gwamna Scott Walker, ɗan Rifablikan, ya kawo ƙudurin da zai taƙaita wa yawancin ma'aikatan gwamnati haƙƙin cinikin albashi da sharuɗɗan aiki ta hannun ƙungiyoyin ƙwadago. Rifablikan na da sanatoci 19, alhali ƙudurin da ya shafi kuɗi na buƙatar 20 su halarta kafin a kaɗa ƙuri'a. Sai sanatocin Demokrat 14 suka tsallaka iyaka zuwa jihar Illinois, inda 'yan sandan Wisconsin ba su da ikon dawo da su. Risser, yana da shekara 83, yana cikinsu. Sun yi kusan mako uku a can, dubban masu zanga-zanga kuma suka cika ginin majalisar a Madison. Dabarar ba ta ci ba. Ranar 9 ga Maris Rifablikan suka cire sassan kuɗi daga ƙudurin, suka zartar da shi ba tare da su ba, Walker ya sa hannu bayan kwana biyu.

Gaskiya ita ce mazaɓarsa ma ta taimaka masa. Madison, mazaunin gwamnatin jiha da babbar jami'arta, tungar Demokrat ce, ta yadda barazanar da sanata zai iya fuskanta daga cikin jam'iyya take fitowa, ba daga abokan hamayya ba. Masu suka na cewa kujerar da mutum ɗaya ya riƙe shekara 58 ta toshe wa tsara biyu na matasa hanya, kuma maganar ba ta rasa tushe. Mutanen Madison dai sun san shi da hawan keke har cikin tsufa, da bin matakala maimakon lif a ginin majalisar.

A Maris ɗin 2020 ya bayyana cewa ba zai sake tsayawa ba. Ya yi aiki da gwamnoni 13, daga Vernon Thomson zuwa Tony Evers. Kelda Roys, tsohuwar 'yar majalisar wakilan jihar, ita ce ta ci zaɓen kujerar, ta karɓe ta a Janairun 2021, lokacin Risser yana da shekara 93.